SHAIDAR DUWATSU: DARASI A KAN ZAMANIN ƘANƘARA DA ABIN DA YA BARI A ƘASAR YOKSHAYA

MANUFAR WANNAN DARASI

1. An shirya wannan darasi domin Hakimai da malamansu, waɗanda aikinsu ya ƙunshi rangadi, da sanin ƙasa, da rubuta abin da aka gani. Mutum ya kan dubi dutse ya ɗauka tun fil'azal nan ya ke, haka kuma siffarsa ta ke. Amma masana duwatsu sun tabbatar da cewa dutse ya kan tsage, ya kan zaizaye, har ya kan yi ƙaura daga wani wuri zuwa wani. Wanda ya san abin da zai duba, ya na iya gane irin yanayin da ƙasa ta yi tun ba a fara rubuta tarihi ba, kamar yadda alƙali ya ke gane gaskiyar magana ta wurin shaida.

2. Za mu ɗauki misali daga wata ƙasar karkara a arewacin Ingila, watau tuddan Yokshaya, domin a can alamun sun taru cikin 'yar tazara kaɗan, an kuwa daɗe ana bincikensu. Daga baya za mu duba abin da wannan zamani ya bari a tamu ƙasa, da abin da ya kamata a yi in an gamu da irinsa.

MENE NE ZAMANIN ƘANƘARA?

3. A wurinmu ƙanƙara baƙuwa ce. Ta kan zubo tare da hadari, ta ɓata shuka, kafin a jima ta narke. A ƙasashen sanyi kuwa akwai wata iri mai laushi, fara fat kamar shiɓaɓɓiyar auduga, wadda a ke kira dusar ƙanƙara. Ita ce ta ke sauka maimakon ruwa a lokacin ɗari. In zafin shekara bai isa ya narkar da ita duka ba, sai ta bana ta hau kan ta bara, ta baɗi kuma ta hau kan ta bana. Nauyin ta sama ya danne ta ƙasa har ta daskare ta yi tauri. Sa'ad da kaurinta ya yi yawa, sai ta soma malala zuwa gangare a hankali, kamar yadda ƙullu mai kauri ya ke malala in an karkata ƙwarya. Wannan shi a ke kira kogin ƙanƙara. Ido ba ya ganin tafiyarsa, amma sannu ba ta hana zuwa.

4. Kogin ƙanƙara ya na da ayyuka uku. Na fari, ya na ɓamɓarar duwatsu daga inda ya bi. Abin da ke taimakonsa shi ne, ruwa in ya daskare ya kan kumbura da misalin kashi 9 cikin 100, saboda haka in ya shiga tsagar dutse ya daskare a ciki, sai ya buɗa ta kamar an buga tsinke. Na biyu, duwatsun da suka maƙale a ƙarƙashinsa su na gurzar ƙasa, kamar yadda ɗan dutse ya ke gurzar dutsen niƙa, su bar zane-zane a miƙe, duk sun fuskanci waje ɗaya. Na uku, ya na ɗaukar kaya, daga laka har dutsen da ya kai girman ɗaki, ya tafi da su. Inda ya narke, nan ya ke sauke su birjik, manya da ƙanana a cakuɗe.

5. Cikin shekara miliyan 2 da dubu 600 da suka wuce, duniya ta yi ta shiga sanyi mai tsanani ta na fita, sau da yawa. A karo na ƙarshe, ƙanƙara ta kai iyakar yaɗuwarta wajen shekara 21,000 da suka wuce. Ta rufe kusan dukan ƙasar Kanada, ta gangaro har inda birnin Niyok ya ke yau, ta rufe arewacin Turai da arewacin Ingila. Saboda yawan ruwan da ya daskare a tudu, teku ta janye ƙasa da misalin ƙafa 400, har mutum ya na iya takawa daga Ingila zuwa Faransa ƙafarsa ba ta jiƙe ba. Wannan karo ya ƙare shekara 11,700 da suka wuce. Ragowar irin wannan ƙanƙara ta na nan har yau a Girinlan da Antatika, inda kaurinta a wasu wurare ya wuce mil guda.

6. Babban dalilin wannan juyi shi ne, hanyar da duniya ta ke bi ta na kewaya rana, da yadda ta karkata, su na sauyawa kaɗan-kaɗan bisa ƙa'ida, wani sauyi a cikin shekara 100,000, wani 41,000, wani kuma wajen 23,000. Wannan ya na rage zafin ranar da ke sauka a ƙasashen arewa lokacin zafinsu, ko ya ƙara shi. Wani masanin lissafi na ƙasar Sabiya, Milutin Milankovitch, shi ya yi lissafin haka, a shekarar 1976 kuma aka sami tabbacinsa daga lakar da aka haƙo a ƙarƙashin teku.

ƘASAR DA ZA MU DUBA

7. Tuddan Yokshaya ƙasa ce ta makiyayan tumaki, mai ƙananan ƙauyuka da kwaruruka masu ciyawa. Gonakinsu an raba su da shingen duwatsu da aka jera ba laka ba siminti. A shekarar 1954 Gwamnatin Ingila ta sa yankin cikin wuraren da doka ta ke kiyayewa saboda kyaunsu. Ɗaya daga cikin manyan duwatsunsa shi ne Ingleborough, mai tsawon ƙafa 2,372 bisa teku.

8. Yawancin dutsen kudancin yankin dutsen farar ƙasa ne, dangin wanda a ke haƙowa a Kalambaina kusa da Sakkwato don yin siminti. Asalinsa ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da suka taru a ƙasan wata teku mai ɗumi marar zurfi, shekara miliyan 330 ko fiye da suka wuce. Har yanzu a na ganin siffar waɗannan halittu a jikinsa. Halinsa guda wanda ya kamata a riƙe shi ne, ruwan sama ya na cinsa. Ruwan sama ya na da ɗan tsami da ya ke samu daga iska da ƙasa, wannan tsami kuwa ya na narkar da dutsen a hankali. A ƙarƙashin farar ƙasar akwai wani dutse baƙi-baƙi, mai tauri, wanda ya girme ta da wajen shekara miliyan 100, ruwa kuwa ba ya ratsa shi. Wanda ya riƙe bambancin waɗannan biyu zai fahimci duk abin da ke tafe.

DUWATSU BAƘI NA NORBER

9. A gefen Ingleborough ta kudu, bisa ƙauyen Austwick, akwai wani fili da a ke kira Norber. Ƙasansa falalen farar ƙasa ne. A kansa kuwa ga manyan duwatsu fiye da ɗari a warwatse, waɗansu sun fi mutum tsawo. Baƙaƙe ne ga launi, baƙi ne kuma ga wurin, gama ba su yi kama da abin da su ke zaune a kai ba ko kaɗan. Irin tsohon dutsen nan ne na ƙarƙashi.

10. To, a bisa ƙa'ida tsohon dutse ya na ƙasa, sabo ya na sama, kamar yadda a gini tubalin da aka fara ajiyewa shi ne na ƙasa. A Norber sai ga tsoho bisa sabo. Da aka bi sawu, sai aka tarar da inda irin wannan dutse ya fito fili a wani kwari mai suna Crummackdale, ƙasa da mil guda daga arewa. Wani abin lura kuma, inda duwatsun su ke zaune yanzu ya fi wasu sassan kwarin tudu. Dutse ba ya mirginawa ya hau tudu, rafi kuma ba ya kai kaya sama. Ƙanƙara ce ta cika kwarin, ta ɓamɓaro su, ta hau da su, ta narke ta bar su. An auna daɗewar da suka yi a fili su na shan hasken sama, aka sami misalin shekara 18,000.

11. Da yawa daga cikinsu su na tsaye a kan 'yan ƙafafu na farar ƙasa, kamar tukunya a kan murhu, tsawon ƙafafun ya kai ƙafa guda, wani ya fi. Dalili kuwa, baƙon dutsen ya zama laima ga abin da ke ƙarƙashinsa. Ruwa da sanyi sun cinye farar ƙasar da ke kewaye, wadda ke cikin inuwarsa ta saura.

12. Akwai waɗanda suka fi na Norber nisan tafiya. A Shap, can arewa maso yamma, akwai wani dutse mai manyan ƙwayoyi ja-ja, wanda ba a rikita shi da wani. An tsinci gutsattsarinsa a ƙetaren tuddai har bakin tekun gabas na Yokshaya, tafiyar mil da yawa. Da irin waɗannan ne masana suka zana taswirar hanyoyin da ƙanƙara ta bi.

GARUN MALHAM DA DAƁEN DUTSE

13. Gabas da Norber akwai ƙauyen Malham. Mutanen wurin su na faɗin sunan kamar a ce "malam". Arewa da ƙauyen akwai wani garu na farin dutse, a lanƙwashe kamar rabin ƙwarya, tsawonsa ƙafa 260, faɗinsa kusan ƙafa 1,000. Tsohuwar tsagewar ƙasa ce ta fara tā da shi, ƙanƙara da ruwa suka sassaƙa shi. Sa'ad da ƙanƙara ta ke narkewa, fiye da shekara 12,000 da suka wuce, ƙasa ta na daskare, ruwa ba shi da hanyar nutsewa. Saboda haka babban kogi ya bi ta sama ya riƙa zubowa daga kan garun. Da ƙasa ta saki, sai ruwan ya koma bin ƙarƙashi. Kwarin da ya haƙa a sama ya na nan a bushe. Ran 6 ga Disamba 2015, bayan wani ruwa mai yawan gaske, ruwa ya sāke zubowa daga kan garun na ɗan lokaci, abin da ba wani mai rai da ya taɓa gani.

14. A bisa garun akwai wani fili na dutse tsirara, a rarrabe kamar an yi daɓe da manyan tubala. Ƙanƙara ce ta kankare ƙasar da ke kai, kamar an bi da galma. Sa'an nan ruwan sama ya bi tsagogin dutsen ya na faɗaɗa su, har suka zama ramuka dogaye masu zurfi, waɗanda ƙafar mutum ko ta dabba ke iya faɗawa. A cikin ramukan nan akwai inuwa da laima, tumaki kuma ba su kai baki, saboda haka waɗansu tsire-tsire na kurmi, masu wuyar samu, su na rayuwa a ciki.

15. Kusa da nan akwai kwazazzabon Gordale, mai bango wajen ƙafa 300, wanda ruwan narkewar ƙanƙara ya taimaka wajen yankawa. A Ribblehead kuma, arewa da Ingleborough, akwai tuddai ƙanana masu yawa a jere, kowanne da siffar rabin ƙwai, duk sun miƙe waje ɗaya. Laka ce da tsakuwa da ƙanƙara ta mulmula a ƙarƙashinta ta na tafiya. Manyan kwarurukan yankin su ma shaida ne. Kwarin da rafi ya haƙa gindinsa tsukakke ne, wanda ƙanƙara ta bi kuwa gindinsa da faɗi, gefensa a tsaye, kamar cikin akushi.

INDA RUWA KE ƁACEWA

16. Wannan sashe ya shafi duk wanda ya taɓa shan wahalar neman wurin gina rijiya. Ƙasar Yokshaya ta na samun ruwan sama da yawa, duk da haka a kan farar ƙasa rafi ya na da wuyar gani, domin ruwan ya na shigewa ta tsagogi. Amma bisa Malham akwai tafki mai faɗin eka 153, a tudun da ya kai ƙafa 1,237 bisa teku. Abin da ya riƙe shi abu biyu ne. Gindinsa ya na kan tsohon dutsen nan da ruwa ba ya ratsawa, bakinsa kuma tarin laka da tsakuwa da ƙanƙara ta zubar ya tare shi kamar madatsa.

17. Rafin da ke fita daga tafkin ba ya yin nisa. Da ya taka farar ƙasa sai ya nutse ya ɓace. A gindin garun Malham kuwa ga wani rafi ya na ɓuɓɓugowa. Kowa ya gani sai ya ce ai shi ne. Shekara da shekaru haka aka ɗauka. A ƙarshen ƙarni na 19 aka gwada, ta wurin sakin ruwan tafkin gaba ɗaya a ga inda zai ƙaru, da kuma zuba abin da za a iya gane shi a cikin ruwa. Sai aka ga ashe yawancin ruwan tafkin ya na fitowa ne a wata maɓuɓɓuga dabam, kudu da ƙauyen, na gindin garun kuwa daga wani wuri ya ke zuwa. Darasin da ke nan shi ne, hanyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa ba a saninta da zato, sai da gwaji. Ƙazantar da aka zuba a rami a wannan ƙauye ta na iya fitowa a ruwan shan wancan.

18. A jikin Ingleborough akwai wani rami mai suna Gaping Gill, inda rafi guda ya ke faɗawa ƙafa 322 zuwa cikin wani babban kogo. Wani Bafaranshe, Edouard Martel, shi ya fara sauka har ƙasansa da tsanin igiya a shekarar 1895. Ruwan ya na fitowa kusa da wani kogo bisa ƙauyen Clapham, amma sai a shekarar 1983 mutane suka iya bin hanyar daga wannan kogo zuwa wancan.

ƘASUSUWAN KOGON VICTORIA

19. Kusa da garin Settle akwai kogon da aka gano a shekarar 1837, aka sa masa sunan Sarauniya Victoria wadda ta hau gado a wannan shekara. Da aka haƙa ƙasansa, a can ƙasa aka tarar da ƙasusuwan dorina, da karkanda, da giwa, da kura, masu shekara wajen 125,000. A bisansu akwai laka wadda ta kwanta a lokacin ƙanƙara. A bisa lakar kuma akwai ƙasusuwan dabbobin ƙasashen sanyi. Watau a wuri guda an yi ɗumin da dorina za ta zauna, aka yi sanyin da ya kori kome, sa'an nan aka sāke samun sauƙi. Da an kwashe ƙasar kogon an zubar ba tare da an rubuta abin da ke bisa wani ba, da ƙasusuwan sun zama tarkace kawai. Jerinsu shi ne shaidar.

YADDA AKA GANE GASKIYAR AL'AMARIN

20. Da fari masanan Turai sun ɗauka wata babbar ambaliya ce ta warwatsa waɗannan duwatsu. A shekarar 1837 wani masani na ƙasar Suwizalan, Louis Agassiz, ya tsaya gaban taron masana ya ce ƙanƙara ce. A ƙasarsu kogunan ƙanƙara su na nan, makiyaya da maharba na tuddai kuwa sun riga sun lura da irin zanen da su ke bari a jikin dutse. Agassiz ya kafa turaku a jere bisa wani kogin ƙanƙara, da aka dawo aka tarar sun gusa, na tsakiya sun fi na gefe nisa. A shekarar 1840 ya zo Ingila da Sikotilan, ya nuna irin waɗannan alamu a inda babu ƙanƙara yanzu. An yi gardama shekaru kafin a yarda. Abin da ya yanke ta shi ne, ruwa ya na tace kayansa, ya ajiye tsakuwa dabam, yashi dabam, laka dabam, ya kuma mulmula duwatsu. Kayan ƙanƙara kuwa a cakuɗe su ke, da zane a jikinsu.

ABIN DA ZAMANIN YA BARI A ƘASARMU

21. A wancan karo ƙanƙara ba ta zo ƙasar Hausa ba. A Afirka ta tsaya ne a kan manyan duwatsu irin su Kilimanjaro. Amma sanyin da ya rufe Turai ya rage ruwan sama a nan. Hamada ta gangaro kudu ɗaruruwan mil, tafkin Cadi ya kusa ƙafewa sarai. A irin waɗannan lokatan fari iska ta tara rairayi ta yi dogayen tuddai, a miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, watau hanyar iskar hunturu. Su ne jigayin da a ke nomawa yau a gabas da arewa maso gabashin Kano, da fadamu a tsakaninsu. Wani masani Bature, A. T. Grove, ya yi bayaninsu a shekarar 1958. Ciyawa da itatuwa ne suka ɗaure su. In an tsiraita su, rairayin ya na iya tashi kamar dā.

22. Bayan ƙanƙara ta janye, sai damina ta yi ƙarfi ƙwarai. Wajen shekara 7,000 da suka wuce tafkin Cadi ya cika har faɗinsa ya kai misalin murabba'in mil 135,000. Tsohon bakinsa shi ne dogon tudun yashi da ya bi ta Maiduguri da Bama. A shekarar 1987 wani makiyayi ya na gina rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da itace a zurfin ƙafa 16. Labari ya kai ga hukuma, a shekarar 1994 masana suka fito da shi. Kwalekwale ne mai tsawon ƙafa 27 da 'yan kai, shekararsa wajen 8,000, ba a kuwa san wanda ya girme shi a Afirka ba. Da an faskara shi an hura wuta, da ba wanda zai san an yi shi.

23. Zanen ƙanƙara na ainihi kuma akwai shi a Hamada, amma na wani zamani ne mai nisa ƙwarai. A tuddan Jado, arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar, an sami duwatsu masu irin wannan gurza, daga shekara miliyan 445 da suka wuce, sa'ad da wannan yanki na duniya ya ke kusa da ƙuryar kudu mai sanyi.

KADA A RIKITA

24. Wanda ya karanta labarin Norber, in ya ga duwatsun Riyom a Jihar Filato, ɗaya bisa ɗaya kamar an ɗora da hannu, ya na iya cewa ƙanƙara ce. Ba ita ba ce. Waɗannan 'yan gida ne. Ruwa ya bi tsagogin dutsen tun ya na binne, ya ruɓar da gefe-gefe, daga baya aka wanke ruɓaɓɓen, mai taurin ya saura a inda ya ke. Hanyar rarrabewa ita ce a dubi na sama, a dubi na ƙasa. In irinsu ɗaya ne, nan aka haife shi. In sun bambanta, sai a tambaya me ya kawo shi, ko ruwa, ko gangara, ko mutane.

ABIN DA A KE BUKATA GA HAKIMAI DA MALAMANSU

25. Abin da ya ɗauki shekara dubbai kafin ya samu, a na iya ɓata shi a yini guda. A Ingila an daɗe a na ɓamɓarar daɓen dutsen nan a na sayar wa masu ƙawata lambu, har aka lalata mai yawa. Sai a shekarar 1981 aka yi dokar da ta ba da ikon hana ɗibarsa da hukunta mai yi. Wanda aka riga aka kwashe kuwa ba ya dawowa. Saboda haka a na roƙon Hakimai su kula da waɗannan abubuwa:

(a) In za a gina rijiya, malami ya rubuta irin ƙasar da aka ratsa, bi da bi, da zurfin kowace, da inda aka sami ruwa. Wannan littafi zai rage hasarar kuɗi da ƙarfi a rijiyoyin gaba.

(b) In an tono ƙashi, ko ɓawon halittar ruwa, ko itace, ko tukunya a wuri mai zurfi, a dakatar da aiki, a bar abin a inda ya ke, a rubuta wurin da zurfin da ranar, a sanar da Majalisar Sarki da ƙaramar hukuma domin a kai labari gidan tarihi.

(c) Dagatai da masu unguwa su san duwatsu da koguna na ƙasarsu masu tarihi ko siffa ta musamman, a rubuta sunayensu da abin da dattawa suka sani game da su, tun masu fasa dutse ba su kai gare su ba.

(d) A hana sāre itatuwa barkatai a kan jigayi, a kuma hana zuba shara da mushe a ramuka da tsofaffin rijiyoyi.

(e) A rubuta abin da ido ya gani dabam, abin da aka ji dabam, abin da a ke zato dabam.

TAMBAYOYI DON BITA

1. Yaya dusar ƙanƙara ta ke zama kogin ƙanƙara, mene ne kuma ayyukansa uku?

2. Kawo dalilai biyu da suka nuna duwatsun Norber ba nan ne asalinsu ba.

3. Me ya riƙe ruwan tafkin Malham, me ya sa kuma rafinsa ya ke ɓacewa?

4. Me jerin ƙasusuwan kogon Victoria ya nuna?

5. Mene ne bambancin duwatsun Riyom da na Norber?

6. Rubuta sunayen duwatsu, da jigayi, da fadamu na gundumarka, ka faɗi irin ƙasar da a ke ratsawa kafin a sami ruwa a rijiyoyi uku da ka sani.